Teburin Kicin Ya Sha Ruwa

Baban yara,

Kar ka shiga kicin babu takalmi, tayil ɗin bango ya zubo ya farfashe a ƙasa. Teburin nan da ka yi sati uku kana manna guntayen katakonsa a tsaitsaye ne ya sha yoyon famfo ya kumbura.

Ka tuna kafinta ya ce katakon da aka tsayar shan ruwa gare shi, ka shafa masa mai sau biyar, ka bar tazara jikin bango? Ka shafa sau ɗaya, ka ce aikinka ba ya barin kafa. To madalla, ko allura ba ta shiga! Ya tokare bango biyu, tsakiyarsa ta yi tozo, na ajiye ƙwai ya gangara.

Na rufe ruwan, na makara aiki.

Af, wani baƙo na zaune a ƙofa. Wai shekaranjiya ya tare a ɗakin da ke bayan kicin ɗinmu. Kansa fari fat da garin siminti, ga guntun bango a hannunsa. Ya tambayi wanda ya yi aikin, na ce gwanin na barci. Ya ce zai jira.

Matar gwani