Lambar da Tabawa ta Karanta

Mungadi, Maiyama

Yaya Ɗalha,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Na ba Alu direba wannan takarda don na daina yarda da waya. Ranar Talata wani ya kira ni, ya ce daga kamfanin layi yake, wai layina ya samu matsala, za a rufe shi in ban karanta masa lambar da suka turo mini ba. Muryarsa a natse, har sunana ya sani. Na karanta. Tun daga nan Watsaf ɗina ya fita hannuna. Malami mai gyaran waya ya ce kamfani ba ya kiran mutum ya nemi lambar nan, ɓarawo ne. Duk saƙon da ya zo maka da sunana, ba ni ba ce.

A gaida yara.
Ƙanwarka, Tabawa

Jega Firchin

Tabawa,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta zo a makare. Tun Laraba saƙo ya shigo da hotonki, wai kina kwance asibiti a Aliero, za a yi miki aiki, a turo kuɗi. Na tura cinikin ranar gaba ɗaya, na roƙi abokan sana'a suka ƙara. Yau ni ake yi wa dariya a mahauta. Ki kashe kiran, ki je ofishin kamfanin da ƙafarki, shi ya gagare ki? Ke kika yi sakacin, ni na kwashi kunyar.

Allah ya kyauta.
Ɗalha

Mungadi

Yaya,

Gaisuwa da girmamawa. Lambar ni na karanta, ban musa ba. Amma abu ɗaya ke cina. An ce maka ina kwance asibiti. Layina yana shiga, ba ka kira ka ji muryata ba. Motar Aliero ba ta yankewa a tashar Jega, ba ka hau ba. Da ka yi ɗaya, da ba su ci komai naka ba. Balaraba maƙwabciyata ma sun tura mata saƙon, ta ja mayafi ta zo, ta tarar da ni ina tankaɗe. Kai kuwa kana zaton ina hannun likita, ka ci gaba da sayar da nama.

Zan sayar da albasata in biya abokanka. Ka huta lafiya.
Tabawa

Jega

Tabawa,

Salam. Bar albasarki, na sallame su. Sauran maganar kuma ba ni da amsarta.

Yayanki, Ɗalha