Gashin Zomo a Hannun Ɗiyata

Malama, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa.

Ni manomin albasa ne a Danchadi, kuma tun ina sakandare nake rubuta abin da ya faru kowace rana. Ranar Talata da hantsi, ɗiyata Mu'minat mai shekara uku ta yi tuntuɓe, hannunta na dama ya faɗa tukunyar kunu. An koya mana cewa ruwan sanyi ake zuba wa ƙuna. Kafin in ɗebo, Inna, mahaifiyata, ta shafa man shanu, ta liƙa gashin zomo, ta haɗe yatsun ta ɗaure da tsumma. Na tsaya da buta a hannu. Ban taɓa musa mata ba.

Ga abin da na rubuta. Kwana uku, kumburi. Kwana biyar, ruwa mai wari. Kwana bakwai, zazzaɓi, ta daina cin tuwo. Yau kwana tara, yatsu uku sun fara mannewa. Inna ta ce da haka ta warkar da ƙanena, kuma a asibiti yanke hannu ake yi. Uwar yarinyar kallona kawai take yi. Wataƙila tsorona ne ya yi yawa. Wataƙila kuma na makara. Yaya zan kai ta ban ɓata wa Inna rai ba?

Uba mai nadama

Ɗan'uwa, tsoronka bai yi yawa ba. Wari da zazzaɓi alama ce ciwon ya ruɓe, yana iya shiga jini. Ka kai ta babban asibiti yau, ba gobe ba. Kada ka cizge gashin da kanka. Ka rufe hannun da ƙyalle mai tsabta, ka riƙa ba ta ruwa a hanya. Ka tafi da rubutunka, likita zai so sanin kwanakin. Can za a wanke, a naɗe kowane yatsa daban don kada su haɗe. Ko sun warke, wataƙila tabo ya zauna. Ka shirya wa hakan.

Inna ƙauna ce ta sa ta, da abin da ta gada ta yi. Amma jinkiri ne ke jawo yanke hannu. Kada ka tsaya gardamar wane ne ya yi kuskure. Ka durƙusa ka roƙe ta ta raka ku, ita ta riƙe jikarta. In ta ƙi, ka nemi gafararta ka tafi. Fushin uwa yana hucewa, yatsun da suka manne ba sa jira.

Allah ya ba Mu'minat lafiya, ya sanyaya maka zuciya.