Abin da Na Gani a Cikin Ƙwan Zabi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Fauziyya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sassauta miki sanyin ƙasar da kike ciki, ya sa albarka a karatunki. Mu nan lafiya ƙalau. Damina ta yi kyau, gero ya rufe hanyar rijiya har sai mutum ya yi sallama kafin a gan shi. Ranar Juma'a na je gida, na tarar ƙafar Inna ta yi sauƙi. Baba kuwa yana nan yana faɗa wa mutanen masallaci cewa 'yarsa likita ce, amma ko sau ɗaya bai taɓa ambatar cewa ɓeraye kike bincike a kansu ba.

Yaya, kin tuna bayanin da kika yi mini a waya bara, lokacin da cikina na fari ya zube nake ta kuka? Kin ce kowace ƙwayar halitta tana da ɗan ɗaki a tsakiyarta, lulluɓe da tantani, kuma a jikin tantanin akwai furotin masu karɓar saƙo su shigar da shi ciki. Kin ce a ɓerayenku, idan saƙon bai wuce ba, jijiyoyin jini ba sa shimfiɗuwa yadda ya kamata, ɗan tayin sai ya kasa ɗorewa. Kika ce ba ki san abin da ya sami nawa ba, amma kada in ɗora wa daka ko ɗaukar tulu laifi. Ni da kika sani da littattafan soyayya, sai na riƙa ganin furotin ɗin nan kamar 'yan aike a bakin zaure, kowa riƙe da saƙon masoyi yana jiran a buɗe masa.

To, na sake samun ciki. Na yi shiru, ban faɗa wa kowa ba sai maigidan. Ya yi ta lallashina in je awo a Tsanyawa, na ƙi, domin tsoro nake ji a ɗora mini na'urar nan a ce babu komai.

Ana haka, kazar da Gwaggo, mahaifiyar maigidan, ta sa wa ƙwan zabi ta tashi daga kansu ranar da ruwa ya shiga akurki. Gwaggo ta ɗauko su za ta girgiza a kunne, yadda aka saba, ta ji ko sun lalace. Na roƙe ta kada ta girgiza, na ce kin taɓa gaya mini ana iya haska ƙwai a ga cikinsa. Ta ce ita ta tsufa tana kiwon zabi ba ta taɓa leƙa abin da Allah ya rufe ba, amma ta biyo ni ɗakin ajiya da tsakar rana, muka tura ƙofa. Na ɗora ƙwai a kan fitilar waya. Ɓawon ƙwan zabi kauri gare shi, da farko ba mu ga komai ba, sai da na juya shi a hankali. Yaya, sai ga jajayen zare sun bazu kamar saiwar gero, a tsakiya wani ɗan ɗigo yana motsi! Gwaggo ta yi ta salati, ta ƙwace wayar, ta ce in miƙo sauran. Uku ne kawai babu komai a cikinsu, sauran ta mayar wa kazar.

Da za mu fito sai ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ko dube ni ba, ta ce wadda ta iya leƙa cikin ƙwan zabi da waya ba ta ga dalilin da za ta ji tsoron na'urar asibiti ba. Ta ce tun ranar da na daina cin miyar kuka ta gane, kuma in shirya ranar kasuwa, ita za ta raka ni. Na rasa inda zan sa fuskata.

Mun je a ƙaramar bas, ina matse tsakanin Gwaggo da buhun barkono. Ma'aikaciyar ta shafa mini wani abu mai sanyi a ciki, ta juyo da allon na'urar wajena. Na rufe ido. Ta ce in buɗe mana, ai ba ita za ta yi renon ba. Na buɗe, na ga zuciyar tana bugawa da sauri. Ta ce komai yana tafiya daidai, ta ba ni maganin ƙarin jini, ta ce kada in fasa zuwa awo.

Alfarma ɗaya nake nema. Idan kin kira gida, ke ki faɗa wa Inna. Ranar Juma'ar nan na zauna kusa da ita har la'asar, bakina ya kasa.

Ki gaishe mini da maigidanki Yaya Kamaruddeen, da Nana da ɗan autanki Jamil. Maigidan da Gwaggo suna gaishe ki. Ki sa mu a addu'a, ni da wanda nake ɗauke da shi.

Ƙanwarki mai kewarki,
Tahira