Kilo Taran da Ban Rage Ba

Zuwa ga Babban Likita mai duba masu ƙiba da ciwon suga da hawan jini kowace Laraba, a wani asibiti da ke nan ƙasar Yauri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina neman izini in gabatar da kaina. Sunana Malam Bawa Tela, shekara ashirin da shida ina ɗinki a Yelwa. Na sakaya sunan asibitin domin ba tozarci na nufa ba. Likita ya san kansa, mu ma marasa lafiyarsa mun san shi. Sau uku ina jefa takarda a akwatin ƙorafin da ke bakin ƙofa. A karo na ukun na leƙa ta ramin, na hango ta farko tana nan yadda na ninke ta, zanzaro ya yi gini a kanta. Wannan ne ya sa na fito fili.

Ban yi karatun likita ba. Abin da na sani daga 'yan takardun faɗakarwa ne da ake rabawa a asibiti. Ina da arba'in da ɗaya a cikin gwangwani, na sa musu lamba, kuma babu wadda ban karanta sau uku ba. Inda na yi kuskure, a gyara mini.

Na ɗaya. Mako guda bayan Ƙaramar Sallah na zo wurinka da ciwon gwiwa, da ƙishirwa marar yankewa, da yawan fitsari, da wani dindiris a tafin ƙafa. Ka gwada ni, ka ce suga ya hau, jini ya hau, kuma uwarsu duka ita ce ƙibar nan da mutanen unguwa suka daɗe suna kira hutu. Ka rubuta mini ƙwaya safe da yamma. Ka ce in rage kilo shida cikin wata uku, in rage tuwo, in riƙa tafiya a ƙasa. In hakan bai samu ba, to sai allurar insulin kullum. Ba na jin kunyar faɗa, ranka ya daɗe, tsoron allurar asibiti nake yi tun ina yaro, kuma tsufa bai rage komai ba.

Na biyu. Sikelin asibitinku ɗan ƙarami ne, iyakarsa kilo 120. Da na hau shi, tsinken ya zagaya da gudu, ya bugi ƙarshe, ya tsaya yana makyarkyata. Malama nas ta ce, "Baba, sauko haka nan, shi kaɗai gare mu." Daga nan ta sanar cewa duk wanda ya fi ƙarfin sikelin ya je waje a auna shi, ya kawo lambar a takarda. Ina roƙon Likita ya tsaya ya dubi wannan da kyau: asibiti ya ware rana guda domin masu ƙiba, ya kuma ajiye ma'aunin da ba ya iya auna kowa sai ramammu.

Na uku. A Yelwa, inda ake da sikelin da zai ɗauki mutum irina shi ne siton masu sayen shinkafa shanshera. Na je na wani Alhaji, shi ma na sakaya sunansa. Mai yi masa awo, Mamman, dattijo ne kamata, na sha ɗinka masa riga. Ranar kasuwa ce, manoma sun yi layi da buhuna a sikelin da ke bakin ƙofa, sai ya ja ni ciki inda akwai wani. Na tuɓe takalmi da hula, kamar yadda takarda mai lamba tara ta yi umarni, na hau. Kilo 131. 'Yan dako suka bar aikinsu suka zo kallo. Ɗaya ya ce, "Wanga buhu sai mutum huɗu." Wani ya ce a soka mini ƙarfe a duba ko an cika tsakiya da ƙaiƙayi. Na haƙura, na karɓi takardata, na kawo, aka shigar a kati.

Na huɗu. Wata guda na yi ina ƙoƙari, kuma zan faɗi iyakarsa don kada a ƙara mini. Na bar fura mako biyu. Sukarin shayi ya sauko daga cokali huɗu zuwa biyu. Na taka da ƙafa har bakin ruwa sau uku, ko da yake duka ukun a kabu-kabu na dawo. Da na koma sito babu layi, sai Mamman ya ɗora ni a sikelin bakin ƙofa. Kilo 122.

Likita zai tuna wannan Laraba. Malama nas ta sa aka tafa mini, ta yi wa katina tauraro da jan biro, ta tsayar da ni gaban jama'a in faɗi sirrin. Na yi kusan rabin sa'a ina bayani a kan zogale. Wata Hajiya mai busasshen kifi da ke zuwa daga Wara har ta sa aka rubuta mata abin da na ce. Da na shiga ofishinka ka ce suga bai sauka yadda kake so ba, amma tunda nauyi na zubewa haka, a ɗaga maganar allura. Na fito kamar in yi tsalle, gwiwa ce ta hana.

A nan ina da ɗan ƙorafi a kanka, cikin ladabi. Kilo tara a wata guda ba ƙaramin abu ba ne. Takarda mai lamba ashirin da biyu ta ce irin wannan ramar ga mai suga abin bincike ne, ba abin tafi ba. Da Likita ya ɗaga kai daga katin ya dubi wuyana, da ya ga ninkinsa uku na nan babu wanda ya tafi.

Na biyar. Da Babbar Sallah ta matso na yanka wa kaina wando, na rage inci uku a ƙugu, saboda na yarda da katinku fiye da idona. Wandon ya hau har cinya ya ƙi gaba. Na ɗauko tef ɗin awona, wanda bai taɓa yi wa kowa kara ba, na zagaya cikina: inci hamsin da huɗu, daidai da abin da na rubuta bara. Na sake da wani tef. Haka dai.

Washegari na koma sito na ce a auna ni a duka biyun. Na waje ya ce 121. Na taka taku goma sha ɗaya zuwa na ciki, ya ce 130. Mamman ya yi dariya har ya dafa buhu. Ya ce, "Haba Tela, kai kaɗai ba ka sani ba duk garin ga? Na waje na saye ne, na ciki na sayarwa. In sayen ka za mu yi, ɗari da ashirin da ɗaya kake. In sayar da kai za mu yi, ɗari da talatin." Na ce to ina gaskiyar take? Ya ce tana tsakani, amma ba a taɓa aiken shi neman ta ba.

Ke nan, ranka ya daɗe, maganin da kake ba ni an ɗora shi ne a kan cewa ranar farko sayar da ni aka yi, rana ta biyu kuma aka saye ni.

Na shida, kuma a nan laifin nawa ne. Ya kamata in zo in faɗa maka a ranar. Ban zo ba. Da lokacin awo na uku ya yi, da sanina na nufi sikelin saye, na kawo maka 121, ka sake yaba mini. Bai tsaya nan ba. Hajiyar Wara ta tare ni tana kuka, ta ce ta ci zogale har ta fara jin ƙamshinsa a gumi, ba ta rage ko rabin kilo ba. Tausayi ya kama ni, na raɗa mata inda ake ragewa. Ita kuma ba ta iya raɗa ba.

Yanzu duk safiyar Laraba akwai layi biyu a ƙofar siton, na buhuna da namu. Makon jiya na ƙirga mu goma sha huɗu. Mamman ba ya ma gaisawa, sai dai ya ce, "Saye ko sayarwa?" Mutum ɗaya ne kawai na ga ya zaɓi sayarwa, wani mai jirgin ruwa da ke son ya tsorata 'ya'yansa su riƙa kawo masa kifi maimakon tuwo. Malama nas kuwa ta liƙa kwali a bango tana yaba wa rukuninmu. Cikin mutanen nan akwai na Shanga, akwai na Ngaski, akwai masu tsallako ruwa a kwalekwale. Ban san gidajensu ba balle in bi su ɗaya bayan ɗaya in warware abin da na ƙulla. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya karanta wa mai ƙibar gidansu.

Na bakwai. Mako uku da suka wuce na taka fil a shago, ya shige ƙarƙashin babban yatsana na dama. Ban ji ba. Na yini ina aiki da shi a ciki, sai da maiɗakina ta ga jini a tabarma. Ciwon bai kai ƙwayar wake ba, amma har yau bai rufe ba, gefensa ya fara duhu. Takarda mai lamba goma sha bakwai tana da hoton irinsa a shafin farko, da hoton inda yake kai mutum a shafin ƙarshe. Larabar da ta wuce na sa safa da takalmi sau-ciki a cikin zafin nan, na zauna gabanka, babu wanda ya ce in tuɓe, ni ma ban tuɓe ba. Keken ɗinkina na ƙafa ne, Likita, kuma da wannan ƙafar nake taka shi. Mutum tara ke ci daga abin da take takawa.

Saboda haka ina roƙo kamar haka. A samo sikelin da zai ɗauki mutanen da aka buɗe wannan rana dominsu, wanda ba ya saye, ba ya sayarwa. Kafin a samu, a daina karɓar lamba daga kasuwa. A auna ƙugu da tef, ni zan kawo guda biyu sababbi kyauta, in kuma nuna inda ake zagayawa, don na lura masu teɓa suna son a auna su ta ƙarƙashinta. A sake duba maganin duk wanda nauyinsa ya faɗi farat ɗaya tun daga Babbar Sallah. A riƙa sa mai suga ya tuɓe takalmi duk zuwa, ko ya so ko ya ƙi. A soke 122 da 121 daga katina, a goge tauraron. Kwalin bango kuma a sauke shi a hankali, kada a kunyata Malama nas, ita da zuciya ɗaya ta yi.

Ni kuwa Laraba mai zuwa zan zo da wuri, hannuna babu takardar kowa, ƙafata a buɗe. Ban san nauyina ba, kuma na daina riya cewa na sani. Ka dubi yatsan ka faɗa mini gaskiya ko da ba ta da daɗi. In allura ce, na yarda, a fara a ranar. Maiɗakina ta ce ita za ta koyi yi mini, kuma fara'ar da ta faɗi haka da ita ta ƙara mini damuwa. Ina roƙon a koya mata da kyau, a kuma jaddada mata cewa ba a yin ta cikin fushi.

Allah Ya ƙara wa Likita lafiya da basira, Ya sa albarka a hannunsa, Ya ba shi haƙurin zama da marasa lafiya irina. Allah Ya yafe mini abin da na jawo wa bayinsa goma sha uku, Ya bar mini ƙafata.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Bawa Tela, Yelwa.