Igiya Mai Ƙulli a Gonata ta Hanyar Tsauni

Zuwa ga Mushe Darakta, mai kula da gwajin furen rana a ƙasar Matameye.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan sanyin biro, wato ofishinka, bai yi maka yawa ba. Ni ne mai gonar bakin kwari a hanyar Tsauni, wadda kuka kafa wa allo bara.

Na farko. Da ruwan shuka ya sauka, malamin gonarku ya zo da soja biyu da irin wannan fure da kuke kira turnasol, kashi biyu, dogo da gajere. Ya ce umarni ne daga sama, bana ba hatsi a gonata, gwaji za a yi. Na dubi bindigogin, na ce madalla.

Na biyu. Ya warware wata igiya mai ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli rami ɗaya, tsakaninsu bai kai kamu ba. Mu a shekarar fari taku da rabi muke bari, don kowane tushe ya sami abin lasa. Na ce masa dogon nan ba zai jure matsi irin na gajere ba. Ya ce a Turai aka auno igiyar. Ranka ya daɗe, ban san a can ma ruwa yana ɗauke ƙafa wata guda ba.

Na uku. Dogon ya yi ta tseren tsawo, kara kamar tsinke, kai bai fi tafin jariri ba. Gajeren ya ɗan yi ƙoƙari kafin ya sunkuya. A kusurwar gabas kaɗai na saci jiki na cire tsiro, na rage shi yadda muke yi wa hatsi, kuma nan ne kawai ya yi kai kamar faifai. Nan ɗin ka tsaya da baƙinka, igiya a hannu, kana murmushi aka ɗauki hoto. Sauran gonar kuwa, an karanta mini rahotonku, wai sakacin manomi ne. Wallahi wannan ya ƙona mini rai fiye da farin da aka yi.

Ga roƙona. A cire allon, a mayar mini da gonata kafin damina, domin rumbuna babu ko zangarniya. A goge sakaci daga jikin sunana. In za a sake gwaji, a tambayi mai fartanya, kowane iri a ba shi filinsa.

Abin da na girba buhu ɗaya ne, a kasuwa ba wanda ya taya, injin matse man furen kuma ba mu ga ƙeyarsa ba. Na aiko maka da shi. A ba Hajiyar gidanka ta tuƙa tuwo da shi. In ya tuƙu, a aiko mana da yadda aka yi, don bakuna tara ke jira a gidana.

Allah ya ƙara girma, ya kuma kawo mana damina mai albarka.

Wassalam.

Naka mai biyayya dole,
Idi Maikwari, Matameye.