Ƙafata Ta Warke, Ciwon Bai Ji Labari Ba

Zuwa ga Babban Likitan asibitin da nake zuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ranka ya daɗe, a yi haƙuri da rubutuna. A aji uku na sakandare na tsaya, shi ma malamai ne suka gaji da ni kafin in gaji da su.

Ni mai sayar da tumaki ne daga yankin Zango, uban 'ya'ya bakwai. Damunar bara waccan babur ya kayar da ni a hanyar Mai'adua, da rago ɗaure a baya. Ragon ya tashi ya kama cin ciyawa, ni kuwa ƙafar dama ta karye. Ku kuka gyara ta, ƙashi ya haɗe, Allah ya saka da alheri. Sai dai har yau ƙafar tana zafi kamar an tusa ta a garwashi. Ko bakin wando ya shafe ta sai in zabura.

Ga kokena.

Na ɗaya. Duk zuwan da na yi, hoto ake ɗauka, a ɗaga shi sama, a ce babu komai, a ba ni farasitamol. Da na ce ba ya yi mini, wani ma'aikaci ya yi mini kallon da ake yi wa 'yan ƙwaya. Da furfurata. Wannan kallon ya fi karayar zafi.

Na biyu. Da kuka ce babu komai, sai na koma wa na gida. Wanzami ya kafa ƙaho, aka yi sakiya, aka sake yi, har ƙafar ta koma kamar ƙwaryar da aka yi wa zane. Ban ga laifinsa ba, inda na nuna masa nan ya ƙona.

Na uku. 'Yata Hadiza, mai karatun harhaɗa magunguna a jami'a, ta zo hutu ta ga tabon, ta yi hawaye, sannan ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya. Ta ce saƙon ciwo ba ya tafiya kai tsaye daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa, sai ya bi ta lakar da ke cikin ƙashin baya. A can akwai shinge, da wasu jijiyoyi masu aikin gadi, masu cewa wannan ya wuce, wannan ya koma. Suna da 'yan ƙofofin da umarnin yin shiru yake shiga. In rauni ya daɗe, sai gadin ya yi sanyi, kowane ƙaramin saƙo ya wuce da ihu. Ashe jaki muka bari muna dukan taiki. Ta ce masana suna neman maganin da zai farkar da masu gadin nan kaɗai, ba tare da ya sa mutum gyangyaɗi ko ya zame masa jaraba ba, amma ta ja kunnena cewa yawancinsa bincike ne tukuna. Na tambaye ta ko masu gadin nawa albashi ne ba a biya su ba. Ba ta yi dariya ba.

Na huɗu, shi ne ya sa ni rubutu. A kasuwa akwai masu tallan ƙwaya, sun san ɗingishina, suna gaishe ni da fara'a. Ni ne na rantse zan kori duk ɗana da ya taɓa ta. Yanzu in na wuce gabansu ƙafata ce ke rage sauri. Ban saya ba. Amma ba zan yi maka ƙarya in ce ban taɓa tambayar yadda ake sha ba.

Don haka ina roƙo a ware rana ko ɗaki domin masu daɗaɗɗen ciwo. A koya wa ma'aikata cewa hoto ba ya ganin komai da komai. Abin da Hadiza ta faɗa mini, a riƙa faɗa wa marasa lafiya da Hausa, kafin su kai ƙafafunsu ga wuta. In akwai maganin ciwon jijiya da ya dace da ni, a duba ni a ba ni. In masu bincike na neman ƙafar gwaji, ga tawa, ta saba.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare ka da ciwon da ba a gani, ya sa ka riga mai tallan ƙwaya isowa gare ni.

Wassalam.

Naka,
Haruna Mai Tumaki