Ranar Da Na Bar Ƙanenki A Jirgin Fito

Matsumoto, ƙarshen kaka.

Zuwa ga Yaya Kinue,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da dukan mutanen gida a can Sao Paulo. Yaya ciwon gwiwar? Kullum da safe in na kunna turare ina roƙa miki sauƙi da nisan kwana. Mu nan sanyi ya fara sauka, kan duwatsu ya yi fari da ƙanƙara. 'Yarmu Chizuru tana lafiya a Osaka, cikinta ya tsufa, likita ya hana ta doguwar tafiya, shi ya sa ba ta raka ni garinku Onomichi kai ƙasusuwan babanta ba.

Yaya, a kan wannan tafiyar nake rubuto miki. Na san Fusako matar ƙaramin ƙanenku Shozo ba za ta daɗe ba ta kira ki ba, to gara ki ji daga bakina, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. An sa ƙanenki Tokuji a kabarin gidanku kusa da su Baba, an yi komai yadda ya kamata. Amma kafin nan na yi abin da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kin san tun da ɓarin jikinsa ya shanye ban taɓa kwana a wani gari ba. Ranar na naɗe ɗan akwatin ƙasusuwansa, wanda aka ba ni bayan ƙona gawar, da farin ƙyalle, na sa cikin wata jakar yadi don kada in tayar wa matafiya hankali, na ɗora shi a cinya cikin jirgin ƙasa har muka isa. Na sauka da hantsi, alhali sai bayan azahar za mu haɗu da su Shozo a haikali. Da na fito tasha sai ga teku a gabana, rana ta zuba a kansa, iska tana ƙamshin gishiri da gasasshen kifi. Na ce bari in shiga jirgin fiton nan da ke kai mutane tsibirin da ke tsallake, ƙanenki ya ga ruwan garinsu kafin a rufe shi.

A dawowa ne na haɗu da wasu mata uku, sa'annina, 'yan yawon buɗe ido daga Nagoya. Ɗaya ta miƙo mini lemo, ta ce, baiwar Allah, wannan fuskar taki ko madara ta kalla sai ta tsinke, karɓi ki sha. Muna ɓarewa sai shirwa ta kawo sura ta fige wainar kifin da ke hannun babbarsu. Matar ta bi ta da zagi, wai ɓarauniya mai halin tsohon mijinta, shi ma ta sama yake zuwa in ya ji ƙamshin abinci. Yaya, na yi dariya har da hawaye, irin wadda na manta ina da ita. Jirgi ya tsaya, muka fito tare, suka ja ni rumfar kasuwa, muka ci taliya mai romon kifi, na saya wa jikan da muke jira 'yar hula. Na ji jikina sakayau kamar yarinya, kuma ko sau ɗaya ban tambayi kaina abin da ya sa hannuna ba nauyi ba.

Sai da na hau matakalan haikalin nan masu tsawo, na tarar da Shozo da Fusako da malamin haikali suna jira cikin baƙaƙen kaya. Shozo ya dube ni, ya dubi ledar hular, ya tambaye ni a hankali ina Yaya Tokuji. Sai a lokacin na tuna da jakar. Da ƙyar bakina ya iya cewa jirgi. Fusako ta ce, oh, ashe mun zo jana'iza ne mai gawa tana yawon kasuwa, ga ma romo a gaban rigarki. Ban ga laifinta ba, gaskiya ta faɗa.

Muka gangaro ni da Shozo, ina gudu ina tuntuɓe. A ofishin masu jirgin wani ma'aikaci ya zaunar da ni, ya ce sun tsinci jakar, har sun yi shirin kiran 'yan sanda. Cikin ladabi ya yi ta kewaye-kewaye, wai in yi haƙuri da tambayar, amma akan sami waɗanda ke barin irin wannan kaya da gangan in nauyin ya fi ƙarfinsu, ko akwai abin da ke damuna a gida? Wannan tambayar ta fi maganar Fusako ciwo. Ban bar shi da gangan ba, Yaya, na rantse. Amma na san daɗin da na ji a sa'o'in nan da ba na ɗauke da shi, kuma wannan ne abin kunyar da ban iya faɗa wa kowa ba sai ke.

Da jirgin ya dawo gaɓa aka shigar da mu ɗakin matuƙi. Ashe da suka buɗe jakar suka ga farin ƙyalle, ba su yarda su sa shi cikin tarin lema da hulunan da aka manta ba. Sun ɗora shi a gaban taga yana fuskantar ruwa, sun ajiye masa shayi da lemo ɗaya. Na durƙusa ina ba su haƙuri ina ba shi, ina kuka. Matuƙin ya ce in daina, fasinja ne mai hankali, ya yi ta kaiwa da komowa da su bai yi ƙorafi ba.

Sai na ji wani sauti a bayana. Na zaci Shozo kuka yake, ashe dariya ce ta haɗu da kukan. Ya ce wannan ba mantuwata ba ce, halin Yaya Tokuji ne. Wai suna yara yakan gudu daga makaranta ya shige jirgin fito, ya yi ta tsallakawa yana dawowa har yamma, ba mai iya fito da shi sai ke, da kunne kike jawo shi har gida. Shekara arba'in ina tare da mutumin nan bai taɓa ba ni wannan labarin ba. Shozo ya karɓi akwatin, ya rungume, ya ce, to Yaya Tokuji, yawo ya ƙare, su Baba na jira. A bakin matakala ya mayar mini da shi, ya ce ni zan kai shi, ni na ɗauke shi duk shekarun nan.

Ban sani ba ko Shozo ya ƙara gishiri ne don ya sanyaya mini zuciya. Ke kaɗai kika rage da za ki gaya mini. Ki yafe mini, Yaya, ɗan'uwanki ne kafin ya zama mijina. In kin amsa, don Allah ki faɗa mini ko da gaske ne zancen kunnen.

Ki gaida maigidanki Yaya Masaru, da Emiko da mijinta, da jikoki duka, musamman Renato. Chizuru tana gaishe ki, ita ma ban gaya mata ba tukuna.

Taki ƙanwa,
Sumie